Malam Ganiyu da Fayil Ɗin da Aka Manta a Funtuwa

Shekara da shekaru, kullum da safe Malam Ganiyu Adebayo yakan sha kokonsa, ya hau tsohon babur ɗinsa zuwa shagonsa da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Funtuwa. Kafin ya taɓa komai sai ya kunna kwamfutoci biyar da ke jere a kan benci. Duk tsofaffi ne, babu biyu iri ɗaya. In aka ce ya rabu da su yakan ce, "Irinsu ne a ƙauye. Abin da ya ƙi aiki a kansu, ban gama shi ba ke nan."

A Funtuwa aka haife shi, iyayensa Yarbawa ne masu sayar da kwanuka a kasuwa. A 1984 ya fara gyaran sikeli a wani gidan gurzar auduga. Da aikin auduga ya ja baya, yana da shekara arba'in da ɗoriya, ya koma ɗalibi, ya koyi rubuta manhajar kwamfuta.

A 2011 gamayyar ƙungiyoyin manomanmu ta sayo na'urorin auna laimar hatsi don sito-sitonta na Funtuwa, Dandume, Gozaki da Malumfashi. Masarar da aka shigar sito da sauran laima fumfuna take yi, ta kuma lalata wadda ta tarar. Malam Ganiyu ne ya rubuta manhajar da harshen Java: a zuba tsaba a na'ura, kwamfuta ta nuna ko buhun zai shiga ko sai an ƙara shanya shi. A kan kwamfuta ɗaya da yake aiki da ita a lokacin ta yi aiki sumul, ya sa ta a faifai ya aika.

Ranar da za a fara karɓar masara a Dandume ina wurin da buhuna shida. Hajiya Shafa'atu, mai kula da siton, ta kunna manhajar, ta buɗe, amma ta ƙi ganin na'urar. Ta kashe ta kunna har sau huɗu. Manoma sun cika ƙofa, ga hadarin ƙarshen damina yana haɗowa. Shugaban gamayyar, Alhaji Maiwada, ya ce da ita a gaban jama'a, "Hajiya, ke kika taɓa wani abu. Tun farko na ce aikin nan ya fi ƙarfinki. Gobe ki kawo makullan."

Shekara tara tana riƙe da siton nan.

Wajen azahar Malam Ganiyu ya iso. Ya karanta abin da allon ya rubuta, ya cire tabarau.

"Ranka ya daɗe, babu abin da ta taɓa. Laifina ne."

"Kamar yaya naka?" in ji Alhaji Maiwada.

Ya yi bayani yadda duk muka gane. Manhajar Java takan tashi a kowace kwamfuta, amma ba ta iya magana da na'urar kai tsaye. Sai da wani ƙaramin fayil da ke yi musu tafinta, kuma kowane nau'in kwamfuta da nasa. Tasa kwamfutar ta daɗe da shi har ya manta da zamansa, bai sa shi a faifan ba.

"Na aiko da kaya na bar rabi a gida," in ji shi. "Alhaji, a gaban mutane aka yi mata magana, a gaban mutane ya kamata a wanke ta."

Alhaji Maiwada ya juya wajenta. "Hajiya, ki yi haƙuri. Riƙe makullanki."

Da kwamfutar hannunsa aka yi awon ranar. Buhu goma sha bakwai aka mayar shanya, biyu nawa ne.

Mako uku ya yi yana gyara. Ya tattaro fayilolin kowane nau'in kwamfuta ya ƙunsa su cikin manhajar kanta, ta zama ƙunshi ɗaya. Da an kunna ta, sai ta duba irin kwamfutar da take kai, ta ciro fayil ɗin da ya dace, ta ɗora shi da kanta. Bai yarda ya aika ba. Ya bi sito-siton ɗaya bayan ɗaya a kan babur, a kowanne ya koma gefe ya naɗe hannu, mai siton ya sa manhajar da kansa. A Gozaki ta ƙi tashi a kan wata tsohuwar kwamfuta, ya ari kwamfutar ya koma da ita Funtuwa, bayan kwana biyu ya dawo da magani.

Malam Ganiyu, kai ne ka amsa laifi ranar da shiru zai fi maka sauƙi. Kai ne sanadin da ma'aikatan sito huɗu suka shekara goma sha uku suna danna abu ɗaya aiki ya tashi, yawancinsu ba su taɓa jin sunan fayil ɗin ba. Makanikin da ba a gani, na Funtuwa mai sikeli.

Bana idanunsa sun raunana, ya ajiye aiki. Ya miƙa wa gamayyar manhajar da littafin bayani da ya rubuta da Hausa, shafi ashirin da biyu, don kada a rasa mai gyara bayansa.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta cikin iyalinka. Ku kuma matasanmu masu rubuta manhaja, ku je ku gaishe shi tun yana da ƙarfin zama da ku. Ku tafi da aikinku, zai duba. Amma ku shirya, tambayarsa ta farko ita ce a kwamfutar wa kuka gwada banda taku.