Tsarabar da na kai wa Gwaggo daga kantin 'yan Japan

Sati uku Gwaggo ta yi ba ta cin abin kirki. Ƙanwar babana ce, ita ta raine ni a Damagaram tun ban san hannuna na dama ba. Ɗanta, wanda nake ce wa Yaya, shi ya kawo ta Lyon ta ƙasar Faransa jinya, ya ajiye ta a gidansa na Rillieux-la-Pape, hawa na bakwai. A watan Oktoba likita ya kira mu ni da shi ya ce magani ya yi iyakar abin da zai yi. Ya ce in muna so ta koma gida to yanzu ne, amma ba zai sa hannu ta hau jirgi ba sai ta ci abinci ta ɗan yi ƙarfi. Muna fitowa Yaya ya sa na rantse ba zan faɗa mata ba.

Ga shi kuwa ita ba ta da magana sai ta gida. Kuma ta rufe baki gam. An dama kunun gyaɗa, an yi faten doya, matar Yaya ta zagaye unguwar La Guillotière kanti kanti ta samo gero ta yi fura. Gwaggo sai ta ɗanɗana ta ture kwano ta juya fuska bango. Ni ina aiki a Paris, duk Asabar ina cikin jirgin ƙasa da kula a cinya, duk Lahadi ina komowa da kulata yadda na tafi da ita. Wallahi har haushinta nake ji, in ji haushin kaina don na ji haushin mara lafiya.

Wata Bafaranshiya da muke aiki tare ce ta ce in gwada kayan zaƙin 'yan Japan. Ta ce laushi gare su, ko marar haƙori zai ci, kuma da wake ake yin su. Na ce wake da sukari? Wane irin rashin aikin yi ne wannan? Amma wanda ya gwada komai ba ya zaɓe, ranar Juma'a da na tashi aiki na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na nufi unguwar da kantunansu suke a tsakiyar Paris.

To, ga inda na yi wautar. Na shiga na tarar da wata mata siririya mai fara'a, ta yi ta rusuna mini. Ni kuwa na tsare ta da tambayar da duk ɗan musulmi yake yi a ƙasar nan. Akwai kitsen alade? Babu. Akwai giya ko ɗigo ɗaya? Babu. Abin nan da ke sa alewa danƙo, daga ƙashin wace dabba aka yi shi? Ta ce daga ciyawar teku ne. Na sa ta ɗauko takarda, na sa tabarau, na bi layi layi. Kusan rabin awa na ɓata mata. Da na gamsu sai na ce ta ba ni mafi kyau, na tsohuwa ne. Ta ce akwai kwalin musamman na wannan lokaci, gobe ma ƙila ya ƙare. Na ce kawo. Na ga kabewa a taga, na ga baƙin ƙyalle, amma a watan nan ko kantin magani kabewa ce a tagarsa, wa yake kula?

Ta miƙo mini kwalin a naɗe cikin takarda mai ruwan ƙasa, ninki a kan ninki, da igiya ja. Kyansa ya hana ni buɗewa. Kuma mu ai ba mu taɓa tsarabar babba kafin ta isa hannunsa. Haka na rungume shi washegari tun daga gidana na Clichy-sous-Bois har Lyon, ko a kan teburin jirgi ban yarda na aza shi ba.

Na isa bayan la'asar na tarar da ɗaki cike da 'yan dubiya. Matan 'yan kasuwa ne su biyar, sun zagaye gado, kowace ta shigo sai ta ce, “Hajiya, ai da sauƙi sosai, kin ga yadda kika murmure?” Gwaggo tana kwance kamar tsinke. Na gaishe su, na durƙusa na aje kwalin a gefenta, har da ɗan fahari na.

“Gwaggo, ga tsarabar Paris.”

“Buɗe mu gani, ɗiyata,” in ji ta.

Na kwance igiya na ɗaga murfi. Innalillahi! Ƙoƙon kan mutum guda uku, farare tas, suna yi mini dariya. Ƙwayar ido biyu da jajayen jijiyoyi. Jemage. Sai wasu fararen fatalwowi a jere, an lulluɓe su daga sama har ƙasa, duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza ya san da me suka yi kama. A tsakiya kuma ga ɗan kabari, har da dutsensa na cakulan. Kayan bikin nan ne na Turawa na ƙarshen Oktoba, wanda yara ke shigar dodanni. Ni ban ma san 'yan Japan sun ɗauki abin da zafi haka ba.

Ɗaki ya ɗauki salati. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta dafe ƙirji ta ce, “Ke! Wannan wane irin fata ne ga mara lafiya?” Wata ta ce a fitar da shi daga gidan. Na fara rantse-rantse ina cewa ai halal ne, na duba. Ka ji shirme! Wa ya tambaye ni halal?

Na kai hannu zan rufe, Gwaggo ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ɗauki ƙoƙon kai ɗaya ta juya shi, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce wa matan, “Na gode da dubiya. Ku ba ni wuri da ɗiyata.” Suka fita suna ƙunƙuni.

“Wata biyu kowa na ce mini da sauƙi,” in ji ta. “Ni ce cikin jikin nan, na san ba sauƙi. Tunda abin nan ya shigo ɗakin, ƙarasa mini. Me likita ya ce?”

Na tuna rantsuwata, na kuma dubi hannun da ya yi mini wanka ina yarinya. Na faɗa mata duka. Na ce magani ya ƙare, na ce in ta ci abinci ta yi ƙarfi za a bar ta ta hau jirgi.

Na zaci kuka za ta yi, ashe faɗa ne.

“Gida? Don in je gida kuke ɗura mini kunu?”

“E, Gwaggo.”

“Amma ku dai an yi sakarkaru, ke da yayan naki! Ni na zaci so kuke in yi ƙarfi a mai da ni asibiti a sake sa mini ruwan nan mai sa amai. Shi ya sa na ƙi ci! Yunwa nake ji kamar in mutu, sati uku!”

Na zauna a ƙasa daɓas. Takaici ya hana ni ko kuka. Sati uku muka cinye mata cikin ɗan abin da ya rage, muna ta lallaɓa ta da ƙarya don kada ranta ya ɓaci.

Ta gatsa ƙoƙon kan, ta tauna, ta yamutsa fuska. “Wake ne? Da sukari? Allah ya shirya mutanen nan.” Amma ta cinye, ta bi da fatalwa ɗaya, sannan ta ce a dama mata furar jiya, a kuma kira mata ɗanta. Abin da ta faɗa masa ba zan rubuta ba. Kwana biyu bai yi mini magana ba, ni ma ban neme shi ba.

Bayan kwana goma sha biyu likita ya sa hannu. Mu biyu muka tura ta a keken marasa lafiya a filin jirgi, tana ta yi mana faɗa kan yadda muka ɗaure kaya. Ta yi kwana tara a ɗakinta na Damagaram, jikokinta na shiga suna fita, sannan Allah ya karɓi abinsa. Da mun buɗe baki tun ranar da likita ya kira mu, da ta samu wata guda.