Muryar da Na Tarar a Kwandon Shara

Shekaru sun tura, na manta abubuwa da yawa, har da waɗanda na taɓa rantsuwa ba za su fita raina ba. Amma ranar da na amsa sallamar mamaci da rana tsaka a ofishinmu na Sabon Birni, wannan kam sai dai a rufe ni da ita.

A lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar manoma, ni ce mai buga takardu. Ofishin ɗaki biyu ne da sito, can bayan kasuwa, kuma muna da tsofaffin kwamfutoci huɗu na tebur da aka ba mu kyauta. Babbar manhajar da ke kansu ta jabu ce, wani mai shago ya saka mana. Kullum sai ta fito da gargaɗi, ga ƙwayoyin cuta da kowa ke kwaso mana a filash. Takarda ɗaya sai ta ci mini rabin yini, ni kuma ba a san ni da haƙuri ba. Da na ishi shugabanmu da mita, sai ya tura ni Sakkwato na koyi saka wata babbar manhaja ta kyauta, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu suka gina, kowa na iya duba cikinta ya gyara, kuma ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Malamin da ya koya mana ya nanata abu uku: a kwashe takardu tukuna, a gwada sabuwar daga filash ba tare da an taɓa komai ba, sannan a share tsohuwar a girka. In an share, an share ke nan har abada.

Kwamfuta ta huɗu, ta lungu, ta wani dattijo ce da muke ce wa Baba. Tsohon malamin gona ne. Ni da shi kullum cikin tsokana muke, ya ce bakina ya fi injin niƙa sauri, in ce shi kuma yatsansa ɗaya ya fi tsohon jaki nawa a kan madannai. Ni na koya masa jona wayarsa don ya sauke hotunan gonaki. Ni kuma na taɓa gaya masa cewa abin da aka jefa a kwandon shara na kwamfuta bai tafi ba, yana nan kwance sai ranar da aka zubar. Na tuna ya daɗe yana kallona da na faɗi haka. Ya san kuma duk ƙarshen wata nakan bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, in buɗe kwandon in duba abin da ke ciki kafin in zubar.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, don haka Baba ya kwashe rani yana yawo a kan tsohon babur ɗinsa, Tsamaye, Kurawa, har Tozai, yana roƙon tsofaffin manoma irin gero na da, mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya makara yakan kai. Mudu ɗaya nan, rabin mudu can, har ya tara abin kirki a sito, kuma makulli na hannunsa. Ana saura kamar wata huɗu damina ta faɗi zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku Allah ya yi masa rasuwa. Bayan addu'ar bakwai aka buɗe sito. Babu ko ƙwaya, sai buhunan wofi a ninke.

Muka tsaya cirko-cirko. Ni ce na fara magana. Na ce, «To, an kai kasuwa ke nan.» Haka kawai na faɗa, cikin takaici, ban ko yi tunani ba. Kafin la'asar maganar ta zagaye gari. Matarsa, wadda nake ce wa Inna, ta gama takaba amma ba ta koma fita ba. Ba suna, ba biki. Aka ce in ta aika ɗibar ruwa ma sai an yi wa 'yan gidanta habaici a bakin rijiya.

Sai fari ya zo ya ƙara wa maganar zafi. Mutane sun yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ruwa ɗaya ya sauka, shuka ta fito, daga nan sama ta ɗauke. Muna kallo ganye ya nannaɗe ya bushe. Iri ya ƙare a hannun mafi yawan mutane, wanda ya rage kuma na dogon zango ne, ko an sake shukawa ba zai kai ba. Duk manomin da ya shigo ofis sai ya kalli lungun Baba ya girgiza kai. Kwamfutarsa tana nan rufe da tsohuwar dardumarsa, ba wanda ya ce kada a taɓa, amma ba wanda ya taɓa. Ni ma sharar ƙarshen wata nakan yi wa uku ne in tsallake tasa. A lokacin ce wa kaina nake haushinsa nake ji. Yanzu na san kunya ce.

Ranar da aka sa za a fita roƙon ruwa, ita ce ranar da shugaba ya samo ɗan man janareto. Ya tayar mini da janareton da hantsi, ya ce in gama da duka huɗun kafin man ya ƙare, ya sa tsohuwar rigarsa ya bi jama'a. Ban taɓa ganin garin nan haka ba. Kasuwa a rufe, ba babur, ba kukan yaro, har dabbobi an kora filin. Rana ta yi fari fat, ba iska ko kaɗan. Daga nesa nakan jiyo addu'a tana tashi tana sauka, in ban da ita sai ƙugin janareto a bayan ɗaki.

Uku na farko ba su ba ni wahala ba. Na kwashe takardu, na share, na girka. Gwajin nan da malami ya ce a yi, ban yi ba, ina sauri. Sabuwar manhajar ta hau lafiya lau, kwamfutocin suka riƙa buɗewa kamar ba su ba, har na fara jin kaina. Sannan na juya ga ta lungu.

Da na ɗaga dardumar, ƙamshin turarensa ya bugi hancina. Na kunna, tsohuwar manhajar ta ƙi tashi sam. Sau uku ina gwadawa. Ba yadda na iya, dole na bi ta filash, na tayar da sabuwar a matsayin gwaji don in leƙa ciki ko akwai takardar da za a kwashe. Na buɗe wurin takardunsa, wayam. Na yi tsaki, na ce a fili, «Nan ma ba ka bar komai ba.» Na kai linzamin kwamfuta kan wurin da za a share a girka. Dannawa ɗaya ta rage.

Sai idona ya faɗa kan wani wuri da sabuwar manhajar ta nuna, wanda na gane kwandon sharar tsohuwar ne. Fayil ɗaya ne a ciki, sunansa haruffa ne a cakuɗe. Hannuna ne kawai ya bi sabonsa na duba kafin zubarwa. Na ɗauka hoto ne, na danna.

Ya kamata in faɗi cewa wannan kwamfutar ba ta taɓa yin sauti ba tun da aka kawo ta. Tsohuwar manhajar ba ta gane lasifikar cikinta ba, mu duka mun ɗauka babu. Sabuwar kuwa ta gane ta nan take, kuma sautin a ƙure yake.

«Salamu alaikum.»

Muryar Baba ce, har da ɗan tarin nan nasa, ta cika ɗakin. Ban san lokacin da na ce «Wa alaikumus salam» ba. Aka yi shiru, daidai tsawon amsata. Sai ya ce, «Madalla, ɗiyata.»

Na zabura na miƙe, kujera ta kife.

«Zamna,» in ji shi. «Na san kin tashi tsaye. Zamna ki jiya, kuma ki bar tsaki.»

Wallahi na zauna, a ƙasa ma. A hankali na fara jin carar zakara a bayan muryar, da ƙarar turmi, na gane a gidansa ya ɗauka da waya.

«In kin ji wagga magana, to ba ni nan, ko kuwa ciwo ya kada ni. Kowane ƙarshen wata ni kan hidda ta kahin ki zo shara, in kin gama in maishe ta. Irin ga da munka tara, ba ya sito. Shekarar ga ban yarda da ita ba. In yunwa ta matsa, mutane za su zo su roƙa, kuma ba mai iya hana su, ni ma ba ni iyawa. Sai a cinye iri, ruwa ya zo ba abin shukawa. Ubana abin da ya yi shekarar yunwa shi na yi. Na zuba cikin randuna, na haɗa da toka, na liƙe baki da laka. Suna ƙarƙashin jujin da ke bayan sito, wajen katanga. Ba mai tonon juji. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko Innarki, don kada a matsa mata. Ki kira shugaba a tona in an ga binne ya mutu. Sannan akwai wata magana da nika son...»

Janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi. Shirun da ya biyo baya ya fi muryar ban tsoro. Na fito da gudu ko takalmi ban tsaya ɗauka ba, na tsaya bakin hanya cikin rana ina haki, har na hango jama'a sun fara dawowa da rigunansu a juye.

Shugaba ya ɗauka aljanu suka taɓa ni. Ya ce, «Ke, mi ya same ki? Yi a'uziyya.» Na ce a kawo fartanya kawai, a bi ni jujin bayan sito. Shi da maigadinmu, wani tsoho, suka kawar da shara da toka, suka tona. Ba a yi nisa ba fartanya ta bugi wani abu. Randa shida, baki a liƙe. Da aka fasa lakar ta farko, maigadi ya cusa hannu ya ɗebo, ya hura toka, gero ya fito tsaf ba ko ƙwaro. Ya tsuguna a wurin yana salati, hawaye na bin gemunsa.

Washegari aka samo mai, na sake tayar da kwamfutar ta filash. Kafin komai na kwafi fayil ɗin wuri uku. Shugaba yana tsaye a kaina muka saurari ƙarshen.

«...wata magana da nika son in bar miki. In an buɗe sito ba a iske komi ba, za a ce na sayar. Ɗan Adam na, ban ga laihinsu ba. Shi ya sa na zaɓe ki. Na san bakinki, ba ki barin a ci mutuncina ina kwance. Ki tare mini su har ki zo shara, kwana kaɗan na.»

Shugaba bai ko dube ni ba. Yana wurin ranar da aka buɗe sito. Na kifa kaina a kan teburin Baba na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa. Kwana kaɗan ya roƙa. Wata biyar na yi ban ɗaga dardumar nan ba, kuma bakin da ya dogara da shi ne ya fara cin namansa.

Aka raba irin. Ruwa ya dawo a makare, bai yi yawa ba, amma waɗanda suka shuka geron nan sun sami abin kaiwa rumbu. Ni kuwa tun kafin a shuka na sa muryar a wayata na tafi gidan Inna. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo mata da maganar Baba da bakinsa, ta ji da kunnenta cewa bai sayar ba.

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, «Aje abinki, ɗiyata. Kai ma waɗanda ba su sani ba. Ni shekara arba'in ina tare da shi, ba sai ƙarhe ya hwaɗa mini ba.»

Na ce, «Inna, ni na fara faɗa.»

Ta ce, «Na sani. Tun ran nan anka hwaɗa mini.» Ta tura mini faifan, ta ce in taya ta tsinta. Muka tsince waken nan har ya ƙare. Da zan tafi ta ce Allah ya yi mini albarka, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ta zage ni.

Daga baya na girka sabuwar manhajar a kwamfutar Baba, ta yi mana shekaru tana aiki. Tun daga lokacin na sauya wa ofisoshi da dama, kuma ban sake tsallake gwaji ba, ban sake share na'urar wani ba sai na leƙa kowane lungu nata. Amma babban abin da ranar ta koya mini ba na kwamfuta ba ne. In na buɗe wuri na tarar da shi wayam, yanzu nakan riƙe bakina tukuna, don na taɓa yanke wa mutum hukunci a kan buhunan wofi alhali amanar tana kwance taku goma daga inda nake tsaye. Har yau in wani ya yi sallama a bayana ina gaban kwamfuta, sai na ɗan daskare kafin in juya.