Ambulan da Na Tsinta a Kwandon Shara

Ko zan manta komai na zamanmu a Germantown, ranar da muka je cike takardar haraji da ambulan ɓoye a jakar goyona ba za ta fita raina ba.

Lokacin shekarata biyu a Amurka, ina goyon 'yata ta fari. Karatuna bai wuce firamare ba, Turancina na gaisuwa ne da cefane, shi ya sa duk wasiƙar da ta shigo gidan nake tsoronta. Ba na yar da ko ɗaya, a gwangwanin biskit nake tarawa. Ban iya karanta su ba, amma na san kamanninsu.

Wata safiya zan fitar da shara, sai ga ambulan a ninke ƙarƙashin ɓawon ayaba. Jan rubutun goshinta iri ɗaya ne da na takardar harajin da wurin aikin maigidana ke aikowa duk farkon shekara. Na goge ta, na jira shi.

"Talla ce kawai," ya ce, bai ko kalle ni ba.

"Tallar ce ka ninke hawa uku?"

Sai ya faɗa mini gaskiya. Akwai wasan da yake yi a waya, fantasi suke ce masa: ka biya kuɗi, ka zaɓi 'yan ƙwallo, in sun yi ƙoƙari a fili kai ma ka samu maki. Bara ya ci, aka biya shi, takardar harajin kuɗin ce a ambulan ɗin. Ashe da kuɗin ya sayo keken tura yarinya da ya ce kyautar ofis ce.

"To a sa a harajin mana," na ce.

"Wa zai sa? Alhaji mai cike mana haraji? Mutumin da ke jan mu sallah zan miƙa wa takardar caca? Ke ma ki yi tunani."

Na kuwa yi tunanin. Lauyar da ke bin takardar zamana ta ce za a duba harajinmu, kuma hannu biyu ake sawa, nasa da nawa. Duk sanda na kalli 'yata sai in ga an mayar da ni gida, ita tana nan. Wataƙila ba zai kai haka ba, amma a lokacin wa zai gaya mini?

Ranar Asabar muka je Mitchellville, gidan dattijon da ke cike wa mutanenmu haraji. Ya gama shigar da komai a kwamfuta, ya ce, "Ba wani kuɗi da ya shigo ta wata hanya?"

"Babu, Alhaji," in ji maigida.

Dattijon ya turo mini takarda da biro. "'Yata, sa hannu nan."

Na ajiye biron, na laluba ƙarƙashin kayan yarinya, na miƙa ambulan da hannu biyu. "Baba, wannan ta rage."

Ya gyara tabarau ya karanta a tsanake. Maigidana ya zuba wa kafet ido.

"Da kun bar ta, ni kaɗai kuka ɓoye wa," dattijon ya ce. "Kwafinta yana wurin hukuma tun kafin ta iso gidanku." Ya shigar da ita, sannan ya dubi maigida. "Maganar wasan kuma, ka same ni bayan Juma'a. Yau haraji muke yi."

A mota sai da muka hau titin 270 ya buɗe baki. "Kin kunyata ni."

"Na sani," na ce. Ban ba shi haƙuri ba.

Kwana uku yana gaishe ni sama-sama. Bayan Juma'ar ya dawo, ya ɗauko gwangwanin biskit da kansa, ya zauna yana karanta mini wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Da ranar ganawata kan takardar zama ta zo, jami'ar shige da fice ta juya takardun harajin tana dubawa, ni kuwa a karon farko ina kallon mai tambaya ido da ido.

Abin da na koya shi ne, kunyar mutum guda kwanaki take yi ta wuce. Abin da na sa wa hannu kuwa nawa ne, ko na iya karanta shi ko ban iya ba.