Ranar da Ban Raka Amarya Rigachikun Ba

A littattafan soyayyar da na taso ina saya a Babbar Kasuwa, ciwo ado ne. Yarinya za ta yanke jiki ta faɗi, gashinta ya bazu a kan kafet, wani mai ƙamshin turare ya sungume ta zuwa mota. Ni tawa sikilar ba ta san wannan tsarin ba. Idan ta tashi ƙashi take ci, kuma masu sungumata Mama ce da mai keke napep na bakin layinmu a Doka. Sanyi ne babban abin da ke tayar mini da ita. Ruwan sama ya taɓa ni, sai gadon asibiti.

Sai ga bikin ƙanwata ya faɗo tsakiyar damina, gidanta kuma a Rigachikun. Ni kaɗai ce yayarta mace, ga shi ta riga ni aure. Kai amarya da yamma ake yi, daidai lokacin da hadari ke haɗowa. Tun da wuri na ce ba za ni ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta same ni har ɗaki.

"'Yar nan, idan ba a gan ki cikin 'yan rakiya ba, cewa za a yi baƙin ciki kike ƙanwa ta riga ki."

"Gwaggo, idan na je aka kwaso ni a sume, cewa za a yi baƙin cikin ne ya kayar da ni. Tunda ko ta ina sai an ce, gara a ce ina cikin bargona."

"Bakin nan dai ba ya ciwo," ta ce, ta ja mayafinta.

Maganarta ba ta dame ni ba kamar yadda tunanin ƙanwata ya dame ni. Ban so ta shiga gidan aure tana jin na yar da ita. Don haka ranar jere, da rana tsaka, na sa suwaita da safa, na ɗauki fulas na ruwan zafi, na bi masu jere. Ko cokali ban ɗaga ba. Kujera na samu, na sa aka kawo mini kasko da garwashi. Turaren wutar ni na haɗa shi da hannuna, kaɗan-kaɗan, a ranakun da jiki ya bar ni. Na turara labule, da zannuwan gado, da kowane lungu na durowa, na rufe. Kafin la'asar ina gida.

Ranar kai amarya gabas ta yi baƙi ƙirin. Na yi wanka da ruwan zafi, na sa ankona, na zauna gaban madubi na yi kwalliya a tsanake kamar ni za a kai. Sannan na hau gado na jingina da filo.

Aka shigo da amarya sallama, a lulluɓe, tana shessheƙa.

"Yaya, da gaske ba za ki ba?"

"Ai na riga ki shiga gidan. Idan kin je buɗe durowa ki ji."

Ta ɗaga mayafi don ta harare ni, sai idonta ya sauka a ƙafata.

"Leshi da safar 'yan ƙwallo, Yaya?"

"Sabon yayi ne, ku amare ba ku san shi ba."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka. Ta kwantar da kai a kafaɗata har sai da aka yi ta danna hon a waje.

Motoci na tashi ruwa ya kece. Na cika robar ɗumama jiki, na sa ta a ƙugu, na zuba kunun gyaɗa, na buɗe littafina a inda jarumin ke tsaye cikin ruwa a ƙofar gidan budurwa. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Da safe a gadona na farka, ban da ɗan tsamin gwiwa babu komai. Gwaggo ce ta leƙo tana atishawa, ta ce in ara mata robar nan tawa. Ina miƙa mata, sai wayata ta yi ƙara.

"Yaya, har kayan ango sun ɗauki ƙamshin. Yaushe za ki zo?"

Na ɗaga labule na duba sama.

"Ki ɗora girki. Rana na buɗewa ina hanya."