Duffun Inna zai koma biki

Ina ɗumama fatar duffun marigayiya Inna, wato 'yar gangarta ta hannu, a kan risho jiya sai ga Yaya Bashir ya shigo, ko zama bai yi ba.

Abin ya samo asali ne daga wani tsohon kaset da na tsinta a kayansa a gidanmu na unguwar Tandabawi, fim ɗin zamanin disko, na wasu matasa da suka haɗu suka kafa ƙungiyar waƙa. Na nemo shi a waya muka kalla da ƙawayena biyu, muka sha dariya. Kafin ya ƙare mun yanke shawarar kafa tamu, ta kiɗan duffu a bikin mata zalla, sana'ar da Inna ta rene mu da ita.

Da Yaya Bashir ya shigo jiyan, ya ce, "Aibu ne, Hadiza. Yanzu muna da mutunci a unguwa, so kike a koma kiranmu 'ya'yan makaɗiya?"

Na ce, "Yaya, kaset ɗin nan fa naka ne. Ka kalle shi har ya ƙoƙe, ka ɗinka wando mai faɗin ƙafa irin nasu. Waɗancan ka tafa musu. Uwarka da ta kaɗa duffu har tafinta ya yi kanta don ka yi karatu, ita kake jin kunya?"

Ya daɗe yana kallon duffun, ya fita.

Ranar Alhamis muna da biki a unguwar Utaibiyya, kuma da sunan Inna za mu buɗe. Ku faɗa mini, sana'ar da ta ciyar da mutum, yaushe ta zama abin ɓoyewa?