Ranar da Na Ƙi Jin Larabci a Tashar Jirgi

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, har sunayen wasu garuruwan da na zauna a cikinsu sai na yi ta lalube kafin su zo. Amma abin da ya faru da ni da jikana a tashar jirgin ƙasa ta Jidda yana nan daram, kuma na san ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A nan unguwar Nuzla ta Jidda na haifi 'yar autata, a nan ta yi aure. A lokacin da nake ba da labari tana aikin shara da goge-goge a tashar. Ba hukuma ce ta ɗauke ta ba. Hukuma ta danƙa tafiyar da tashar ga wani kamfani, shi kuma ya ba wani ƙaramin kamfani kwangilar tsafta. Wannan ƙaramin shi ne kafilinta, wato mai tsaya mata a wurin hukuma, iƙamarta, takardar izinin zama, a hannunsa take. Da hutun haihuwarta ya ƙare ta koma bakin aiki, ta bar mini yaron da gwangwanin madara.

Madarar ba ta karɓe shi ba. Yana sha sai amai, jikinsa kuma ya feso da ƙuraje. Likita ta ce cikinsa ba ya ɗaukar madarar shanu, a dage da nonon uwa. Uwar takan tatsa kafin ta fita, amma kafin azahar ya ƙare, ga shi kuma yinin da take yi ba ta shayar ba ya sa nonon ya fara janyewa. Wuyan yaro ya yi siriri, kukansa ya koma kamar na ɗan mage. Na yi goyo da yawa a rayuwata, na san kukan rigima, na san na yunwa.

'Yata ta roƙi shugabarsu a wurin aiki ta ba ta ɗan lokaci na shayarwa, aka ce wannan maganar kamfani ce. Ta leƙa ofishin tasha, aka ce ita ba ma'aikaciyarsu ba ce. Mijinta, wanda yake aikin lodi a tashar jiragen ruwa, ya ce mini, "Hajiya, halas, a bar maganar nan. In suka ga ta cika ƙorafi ba za su sabunta mata iƙama ba, mu rasa aikin da iƙamar duka biyu."

Ban ga laifinsa ba, domin ni ma haka na sani. A Sudan aka haife ni, mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma a zamaninsu idan kaya suka ɓace kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Daga baya, ina fataucin goro a wata ƙasa ta yamma, aka miƙa jirginsu ga kamfani. Gorona ya kwana a tarago har ya ruɓe. Na kai kuka da Faransanci, na kai da Turanci, na kai da Hausa. Ma'aikata ta nuna mini kamfani, kamfani ya nuna mini ma'aikata. Tun daga nan na ɗauka cewa duk abin da gwamnati ta miƙa wa wani, alhakinsa faɗuwa yake yi a tsakani, ba mai sunkuyawa ya ɗauka.

Sai na yi dabarata. Kullum da hantsi in goya yaron, in rufa abaya a kai, in hau mota zuwa tashar. In zauna a kujerar masu jira kusa da masallacin mata. Idan aka ba su hutun sallar azahar uwar ta lallaɓo, mu shige can ƙurya bayan labule ta ba shi ya sha da sauri, idonta a ƙofa. Nikan ce masa, "To maigidana, ka ga wahalar da kake ba matarka, ko sisin cefane ba ka taɓa ba ni ba." Ita kuwa ko murmushi ba ta iya yi. Sai ta ce, "Yalla Umma, ku tafi kafin a gan ku."

Mun jima muna haka. Wata rana aka riƙe su a wani aiki, azahar ta wuce ba ta fito ba. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ina jijjiga shi sai ga wata mata ta tsaya a kaina, da kati rataye a wuyanta. Na ga alamar hukuma a jikin katin, ba ta kamfani ba. Ta yi sallama, ta ce da Larabci ta sha ganina a wurin nan ba tikiti ba kaya, wa nake jira?

Mu mutanenmu na Nuzla muna da wata tsohuwar ɗabi'a: idan hukuma ta yi maka tambaya, ka zama baƙon da ya sauka jiya. Ni da na yi karatun allo da na boko da Larabci, na buɗe hannu na girgiza kai, na ce da Hausa, "Ba na ji." Ta gwada Turanci, na sake girgiza kai. Ta kalli yaron. Can sai ta durƙusa, ta ce da wata Hausa mai ɗingishi, "Inna, yaro yana yunwa. Uwa tana ina?"

Kunya ta rufe ni. Matar ta yi dariya ta ce kakarta Bahaushiya ce, a unguwar Madain Fahd ta girma a hannunta, tana ji sarai amma bakinta ba ya juyawa. "Kakata ma haka take yi," in ji ta, ta koma Larabci, tana kirana khala, wato inna. "Ko mai karanta mitar wuta ya zo sai ta manta Larabci. Yanzu ya khala, da wane yare za mu yi?"

Na ce mu yi da Larabcin, amma ta fara yi mini alkawari ba za a taɓa aikin 'yata ba. Ta ce ba za ta ambaci sunan kowa ba. Sai na kwashe komai na faɗa mata, har da goron da ya ruɓe, ban san me ya kai bakina can ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce dokar aiki ta ba mai shayarwa awa guda a yini, ba alfarma ba ce, haƙƙi ne, kuma duk kamfanin da ya karɓi aiki a wurin ya sa hannu a kan bin dokar.

Na ce, "Ɗiyata, an ce mana ita ba ta ku ba ce, ta kamfani ce."

Ta ce, "Tashar muka ba su su tafiyar, ya khala. Alhakin yana wuyanmu. Dalilin da ya sa aka ajiye ni a nan ke nan."

Ta tafi. Ba a jima ba sai ga ma'aikatan tsafta an sallamo su hutu gaba ɗaya, 'yata a cikinsu, fuskarta duk tsoro. Ta karɓi yaron, na faɗa mata abin da ya faru. Ta ce, "Umma, kin kashe ni." Mijinta ma da ya ji ya kasa cin abinci. Ni kaina na yi ta juya maganar, ina cewa wataƙila bakina ya jawo abin da muke gudu.

Bayan 'yan kwanaki aka tara su a wurin aiki. 'Yata ta ce ta riga ta fara tunanin inda za ta nemi wani kafilin. Sai aka sanar cewa duk mai jariri ta faɗa, tana da awarta, ta ɗauka a tsakiyar yini ko ta tashi da wuri. Aka ware musu wani ɗan ɗaki mai kujeru da firiji na ajiye nonon da aka tatsa. Abin da ya fi ba ta mamaki, wasu mata da suke goga bene tare da ita kullum suka ɗaga hannu. Ashe kowacce tana da jariri a gida, kowacce tana ɓoyewa.

Ba zan ce komai ya zama daidai ba. Shugabar tasu ta daɗe tana ɗaure mata fuska, tana tura ta sashe mafi wuya. Amma awar ba a sake taɓa ta ba, kuma da lokacin sabunta iƙama ya yi aka sabunta. Nono ya dawo, ƙurajen suka bushe, wuyan maigidana ya cika har ya yi ninki. Yanzu yana makaranta, in na tsokane shi da zancen cefane sai ya amsa mini da Larabci cewa na tsufa, ya sake ni.

Matar nan na sake ganinta sau ɗaya daga nesa, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Inna, yau kina ji?" Ban san sunanta ba har yau, amma ba na sallah in tashi ban sa ta a addu'a ba, ita da kakar da ta rene ta.

Na zaga ƙasashe, na ga dokoki masu kyau a rubuce waɗanda ba su taɓa ƙosar da jariri ko ɗaya ba. Abin da na koya a tashar nan shi ne doka ba ta aiki sai an sami wanda zai ce wannan a wuyana yake, kuma shi ma ba zai san inda ake kuka ba idan mu masu kukan mun ce ba ma ji.