Rahotannin da Aka Naɗe Agashe da Su

Na dawo Khartum a 1997 bayan shekara tara ina karatu a wata ƙasa mai sanyi, da wani zato a raina da ban taɓa faɗa wa kowa ba: cewa a ƙasarmu ba a binciken kimiyya na kirki. A ɗakin karatun jami'ar da na yi, sai ka sha wahala kafin ka ga sunan Sudan a mujallu. Shi ya sa da cibiyar binciken da ta ɗauke ni aiki ta ce in tattara jerin duk abin da ta fitar tun kafuwarta, na ɗauka aikin mako biyu ne.

Ɗakin ajiyar da aka nuna mini ya ƙarfafa zaton nawa, don ba komai a kantocinsa. Ni'mat mai shayin bakin ƙofa ce ta ji ina ƙorafi, ta ce, "Ya diktor, takardun da kake nema sun haye gada. Ka je Omdurman ka tambayi gidan Jafaru mai ɗinki."

An haifi Jafaru a yankin Jazira, a wani zango na 'yan ƙwadagon auduga. Ɗinkin buhu ya fara koya a wurin mahaifinsa, sannan malaminsu na allo ya koya masa yi wa littafi bango da fata. A 1970 ya zo birni ya samu aikin masinja a cibiyar. Ran nan aka gan shi yana gyara wani littafi da ya wargaje, sai aka mayar da shi ɗakin ɗinkin rahotanni. Shekara ashirin da biyu ya yi a can.

Yana karanta Larabci da ajami, amma ba ya karanta Turanci, kuma yawancin rahotannin da Turanci ake buga su. Don kada su rikice masa, sai ya ware wa kowane sashe launin zarensa. Ja na masu sauro da katantanwar magudanan ruwa ne. Kore na masu ƙaro da filasko da ƙudujin da ke kashe dawa. Baƙi na masu gwada tubalin laka, shuɗi na duk abin da ya shafi ruwa. Akwai wani mutum guda da ya yi shekaru yana ƙera murhun da ke dafa abinci da zafin rana. Shi Jafaru bai san inda zai sa shi ba, sai ya ba shi zare rawaya shi kaɗai.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, aka shiga sallamar ma'aikata da sunan maslahar jama'a. Masu binciken suka watse, wasu ƙasashen Larabawa, wasu tuƙin tasi. Jafaru ma ya samu tasa takardar a 1992. Shekara guda bayan haka wani jami'i ya so ƙarin ofis, ya sa aka kwashe ɗakin ajiya aka sayar da takardun a kan sikeli. Yawancinsu ba su da wani kwafi a ko'ina.

Jafaru bai ji labari ba sai wata la'asar a kasuwar Suk al-Shabi, inda ya koma ɗinkin buhu. Ya tsaya wurin Dauda mai agashe, wanda iyayensu zango ɗaya suka fito. Dauda ya yagi takarda ya naɗe masa nama. A gefen takardar akwai huda biyar a jere, da guntun jan zare.

"Dauda, ina ka samo wannan?"

"Kawu, nama ka zo ci ko takarda? Buhu guda na saya. Wallahi ta fi jarida, mai ba ya ratsa ta."

"Aikin mutum ne na shekara shida. Ni na ɗinka shi."

"To ai ga shi yana amfani. Da a ɗaki yake kwance."

Jafaru ya ce mini bai yi fushi ba, don Dauda bai yi ƙarya ba. Ya dai san masu agashe ba za su rabu da takarda mai kyau don jarida ba. Sai ya riƙa bin wuraren gini yana tsintar buhunan siminti, ya ɓare ɓawon tsakiya wanda siminti bai taɓa ba, ya goge, ya yanka daidai naɗin nama. Da wannan yake musaya. Wata bakwai ya yi yana zagaya masu agashe da masu gyaɗa a unguwannin Mayo da Alsahafa da kasuwar Suk al-Shabi, yawancinsu Hausawa 'yan uwansa. Suka sa masa suna Mudir, wato shugaban ma'aikata. In ya doso sai su ce, "Ku ɓoye takardu, ga Mudir nan."

Ranar da na je gidansa, matarsa Khadiga ce ta buɗe mini ɗakin da ya ajiye takardun. Akwatunan ƙarfe bakwai ne a kan tubala, saboda gara. "Nan ne ɗakin baƙinmu da," in ji ta. "Yanzu baƙo sai dai ya kwana a tsakar gida." A ciki na ƙirga rahoto ɗari huɗu da goma sha biyu. A bayan kowanne Jafaru ya rubuta da ajami: na sauro, na nonon raƙumi, na rijiya. Wasu na ƙamshin yaji.

Masu agashe daga gaba suke yaga, don haka da yawa sun rasa shafin suna, wasu kuma warwatse ya same su. Ya sake haɗa su ta bin hudar allura da launin guntun zare. A nan ya yi kuskure. Wani rahoto mai shuɗin zare, na wani Dakta Muntasir a kan rijiyoyin da gishirinsu ya yi yawa a gefen birni, rabinsa na farko rijiya ne, rabinsa na biyu kifin Nilu. Na daɗe ina juya shi kafin na faɗa masa.

Ya ce, "Duka ruwa ne, ɗana. Ban san za su bambanta ba." Ya ɗauko reza ya yanke ɗinkin da hannunsa, ya tura mini shafukan. "Kai ka karanta, ni in ɗinka."

Haka muka yi kowace Juma'a bayan masallaci har wata goma sha ɗaya. Mun samu irin wannan gauraye goma sha tara. Rahoton rijiyoyin bai cika ba: shafuka huɗun da ke ɗauke da sunayen rijiyoyin da bai kamata a sha ba sun tafi da naman wani. Jafaru ya koma wurin Dauda har sau biyu yana tambaya, ko da yake shekara huɗu ta wuce.

Da na miƙa jerin, sabon shugaban cibiyar ya yi murna, ya ce a aika mota ta kwaso takardun, tunda dai kayan hukuma ne. Na roƙe shi ya bari in fara magana da mai su. Na sami Jafaru a tsakar gida yana shafa wa zare kaki. Ƙarfin idonsa ya ragu sosai a lokacin, da lalube yake zura allura.

Na ce, "Baba Jafaru, suna so a mayar da su. Za ka bayar?"

Ya ajiye zaren. "Wanda ya sayar da su yana nan a ofishinsa, na tambayi Ni'mat. Ka ce musu duk mai son karatu ya zo, akwai tabarma, Khadiga za ta dafa shayi. In kuma mota suka turo, ba ni da ƙarfin hana su. Amma ka ce su bar ni in bi motar, in ga ɗakin, in ga ƙofar tana da kwaɗo."